Rinin gashina ya yi baƙi da yawa, ko akwai hanyar rage shi a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Daga Tudun Wada nake a Gusau. Furfura ce ta fara fito mini a goshi, sai na sayi rini a kasuwa, hoton jikin kwalin ruwan ƙasa ne mai duhu. Ina wankewa sai ga kai baƙi wuluk. Yau kwana 2 ke nan. Ina sa rilaksa, ta ƙarshe mako 3 da suka wuce. Bikin ƙanwata saura kwana 12. Wata ta ce in wanke da kanwa da omo, wata kuma ta ce in sayi rini mai haske in ɗora a kai. Wace hanya zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shawarwarin nan biyu ki ajiye su gefe tukuna, zan zo kan dalili. Kin yi dabara da kika yi tambaya da wuri, don a kwanakin farko rini ya fi saurin saki, kuma a kwanakin ne yake nuna baƙin da ya fi wanda zai zauna da shi. Sai dai gara ki ji gaskiya tun yanzu: babu abin da ke cikin kicin ko kemis da zai mayar da baƙi wuluk ya koma launin da ke jikin kwali. Hanyoyin gida suna kashe kaifin baƙin ne, su sassauta shi kaɗan, yadda in kin fita rana za a ga ɗan ruwan ƙasa a ciki. Kuma kowane wanki da zai cire rini yana tafiya da maiƙon gashi, saboda haka duk abin da kika cire sai kin biya da mai.

Kafin ki taɓa kan, duba fatar. Mafi yawan rini mai duhu yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, kuma jikin wasu ba ya karɓarsa. Illarsa ba lallai ta fito nan take ba, tana iya kai kwana 2 ko 3, wato daidai inda kike yanzu. In akwai ƙaiƙayi mai tsanani, ko ƙuraje masu ruwa a bayan kunne da ƙeya da gefen goshi, kada ki sa komai cikin abin da zan faɗa, ki ga likita. In fuska ko fatar ido ta kumbura, ko numfashi ya fara wuya, wannan ba na jira ba ne, a tafi Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, a tafi da kwalin rinin. Ragowar garin ko ruwan kuma ki ɗauke shi daga inda hannun yara zai kai, guba ne in an sha.

In fata lafiya take, sai mu koma kan wane irin rini kika sa, domin amsar duk a nan take. Ba ki faɗa ba, amma za ki gane da kanki. Akwai wanda yake zuwa a kwalba ɗaya, ba a haɗa shi da komai, shafawa kawai ake yi. Wannan a bayan gashi yake kwanciya, bai cika shiga ciki ba, wanki yana cin sa a hankali, kuma shi ne ya fi jin maganin gida. Akwai kuma mai zama, wanda ake matse man cikin tub a haɗa da farin ruwan da ke tare da shi, ko kuma garin nan da ake kwaɓawa da ruwa, shi abin da ke tayar da shi yana cikin garin. Yadda mai zama yake aiki shi ne, amoniya ko makamancinta ta buɗe ɓawon silin gashi, ƙananan ƙwayoyin da ba su da launi su shige ciki, sai haidirojin, wato farin ruwan nan, ya haɗe su su zama manya masu launi. Kamar ɗan akuyar da ya shiga garka ta ƙaramar kafar danga ya girma a ciki, kafar da ya shiga ba za ta fitar da shi ba. Shi ya sa ruwa da sabulu ba sa kwashe shi, iyakarsu su tafi da na bakin ƙofa da wanda bai gama kamawa ba.

A nan ne shawarar ɗora rini mai haske ta faɗi. Rini ba ya haska rini. Haidirojin da ke cikin sabon kwalin yana iya ɗan haska launin da Allah ya halicci gashi da shi, amma ba ya komai ga ƙwayoyin da tsohon rinin ya bari, ƙari ma zai yi a kansu. Ƙarshenta jikin gashin ya ƙara duhu, sabon tsiron da ke gindi ya yi ja, ga kuɗi sun tafi, ga gashi ya sha sinadari sau biyu cikin mako guda.

Na uku shi ne dangin lalle. Jan lalle na gaskiya yana manne wa sinadarin da aka gina gashi da shi, ba ya fita, kuma yakan ƙara duhu cikin kwana 2 zuwa 3 bayan an sa. In an haɗa shi da baba, irin na marina, sai ya ba da baƙi. Wanda ake sayarwa a ƙulle ko a fakiti da sunan baƙin lalle kuwa, galibi dayis ne aka zuba, wato PPD ɗin nan, domin babu ganyen lallen da ke ba da baƙi shi kaɗai. In irin wannan kika sa, mai da wanki kawai za ki yi, ki haƙura da sauran. Hodar bilic, wato ta haska gashi, a kan baba kore take fitarwa, koren da ba ya fita sai da almakashi. Wasu garin kuma akwai gishirin ƙarfe a ciki, in ya haɗu da haidirojin gashi ya ɗau zafi ya karye a hannu.

Me ya sa naki ya wuce yadda kika so? Masu rini suna auna duhu daga 1 zuwa 10, 1 shi ne baƙi ƙirin, 10 shi ne mafi haske. Abin da kwali yake kira ruwan ƙasa mai duhu yawanci 3 ne, wani ma 2, kuma a kan gashinmu da asalinsa 1 ne ko 2, a ido baƙi ne kawai. Hoton kwali ba a kan irin kanmu aka gwada shi ba. Ga kuma rilaksa. Gashin da aka miƙar ɓawonsa a buɗe yake, yana zuƙar rini fiye da kima, musamman bakin gashin da ya sha rilaksa sau da yawa. In kuma kin bar shi ya wuce lokacin da aka rubuta, kamar yadda mata da yawa suke yi don wai ya fi kamawa, kina shara kina girki yana kai, to duk sun taru. Amfanin abin dai shi ne, gashin da ya yi saurin sha yakan yi saurin saki.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba: ko an cire rinin, abin da ke ƙarƙashinsa ne zai fito. Gashinki da bai yi furfura ba dama baƙi ne ko kusa da haka, ba zai koma ruwan ƙasa don an wanke ba. Inda za ki ga canji sosai shi ne silin furfurar da bakin gashi. Furfurar za ta sauka daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan ja a ciki, kuma wannan shi ne kusan abin da kika nema tun farko. In kika matsa da wanki fiye da haka, farin ne zai fara leƙowa ana saura kwana kaɗan biki.

To ga yadda zan yi da kwanakin nan 12 in kaina ne. Yau da yamma ki ɗumama mai, na kwakwa ko na zaitun, in babu ko man gyaɗa mai kyau ya isa. Ki sa kwanon man cikin ruwan zafi, kada ki ɗora a wuta, ki gwada a bayan hannu. Ki raba kan gida huɗu ki shafe kowane ɓangare tun daga gindi har baki, ki rufe da leda, ki ɗaura tsohon ɗankwali, ki bar shi awa 1 ko 2. Mai shi kaɗai ba wani rini mai yawa yake cirewa ba, amma yana sassauta na sama, kuma yana kare gashin daga wankin da ke tafe. Sai ki wanke da shamfun amosani, irin su Head & Shoulders, ko duk wani mai kumfa sosai wanda ba a rubuta na gashi mai rini ba ne. Ruwan ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. Ki bar kumfar ta zauna minti 5, ki ɗauraye, ki maimaita sau ɗaya. Za ki ga kumfa ta yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, rinin ne yake fita. Kada ki cuɗa gashin kamar wanki, ki bi shi da yatsu daga sama zuwa ƙasa, don jiƙaƙƙen gashi mai rilaksa ba ya son ja. Tawul ɗin da ba ki damu da shi ba za ki ɗauka.

Bayan kwana 2, in kin ga da sauran aiki, sai bitamin C. Cikin duk dabarun gida ita ce na fi ganin amfaninta a shagona na gyaran gashi. Ki sayi farar ƙwayar a kemis, ba mai ruwan lemo ta tsotsa ba, wannan akwai sukari da kala a ciki. Ki niƙe ta lukui a cikin leda da bayan cokali ko kwalba. Kada ki kusanci turmin da aka taɓa daka yaji, ko an wanke shi. Garin ya kai cokalin cin abinci 1 zuwa 2, gwargwadon cikar kanki, ki kwaɓa da shamfu ninki biyu nasa har ya yi kauri. Ki jiƙa gashi ki matse, ki shafa a jikin gashin ba a fatar kai ba, ki rufe da leda minti 30, iyaka 45. In ya fara zafi, wanke nan take. Ki kiyaye ido, yana da raɗaɗi. Kafin ki yi wa kai duka, ki ware 'yan silai a ƙeya ki gwada. In bayan wankewa kin ja su a hankali kin ji suna miƙewa ba sa dawowa, ko suna tsinkewa, to gashinki ya ce a'a, ki tsaya a mai da shamfu.

Abin da ke biyo bayan wankin shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda ake tsallakewa. Bitamin C da shamfu mai ƙarfi suna barin gashi a bushe ƙamas. Ki sa kwandishina mai kauri, ki ƙara ɗan zuma da cokalin mai, ki rufe minti 20 zuwa 30. In kina da halin zuwa salun a yi miki sitimin, ya fi. Karkashin da iyayenmu suke wanke kai da shi yana da amfani a nan, yauƙinsa yana warware gashi ba tare da mataji ya ci rabinsa ba. Bayan ɗauraya, tun da sauran laima, ki murza man kaɗanya a tafin hannu ki bi bakin gashin. Ki bar shi ya bushe da iska, diraya mai zafi da ƙarfen miƙarwa su huta. In lokacin hunturu ne, ki ninka wannan kulawa, don iskar ita kaɗai tana karya gashi ko ba rini.

Bitamin C sau 2 ya isa, in ya yi yawa 3, da tazarar kwana 3 tsakani. Abin da na farko da na biyu ba su cire ba, na biyar ba zai cire ba. Ki tsaya ana saura kwana 4 biki, ki bar gashi ya dawo hayyacinsa kafin a kai shi wurin makitsiya. Ki kuma riƙa duba launin a tsakar gida da rana, da gashi busasshe. A ɗaki ko a jiƙe kowane kai baƙi ne.

Yanzu kanwa da omo. Fatar kai da gashi suna da ɗan tsami na halitta, a ma'aunin da ake kira pH suna tsakanin 4.5 da 5.5. Duk abin da ya haura sosai yana kumbura silin gashi ya buɗe ɓawonsa. Bekin soda ya ɗan wuce 8, sabulun wanka yana wajen 9 zuwa 10, rilaksa tana kaiwa 12 zuwa sama. Kanwa ta fi bekin soda ƙarfi, kuma ke kanki kin san abin da take yi wa wake da nama mai tauri a tukunya. Gashin da bai wuce mako 3 da shan rilaksa ba, ya zo ya sha rini, in aka ƙara masa kanwa laushin da zai yi na mutuwa ne. Zai rage baƙi kam, amma za ki riƙa tsintar sa a mataji da matashin kai. Omo an yi shi ne don datti da maiƙon tufafi, yana ƙona fatar kai. Sabulun salo da ruwan wanke-wanke suna cire rini, ba ƙarya ba ne, mai gashin da bai taɓa ganin rilaksa ba tana iya yi sau ɗaya ta bi da mai. Ke dai ban ba ki ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan Hypo ko Jik, don na sha jin ana ba da shawararsa. Yana cinye gashi, yana ƙona fata, yana iya lahanta ido. In aka haɗa shi da lemun tsami ko ruwan kal, iska mai guba yake fitarwa. Ko da wasa kada ya hau kai.

Lemun tsami da zama a rana kuma, a kan launin gashi na halitta yake ɗan aiki, shi ma a hankali, ba a kan rini ba. Ruwansa in ya taɓa fata rana ta buga, yana iya barin ƙuna da baƙin tabo a goshi da wuya, ga ranar Gusau da ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Zuma da kirfa da ake yaɗawa ba sa haska komai da ido zai gani. Zumar dai ki bar ta a kwandishina, can take da amfani.

In kin yi duk wannan baƙin bai yi miki ba, mataki na gaba shi ne maganin cire rini da ake sayarwa a manyan shagunan kayan kwalliya, irin su Color Oops da Colour B4. Aikinsa shi ne ya warware manyan ƙwayoyin nan su koma ƙanana yadda ruwa zai fitar da su, ba ya taɓa launin gashi na asali. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a tsakar gida ake yi. Sirrinsa ɗauraya ce mai tsawo, wajen minti 20 da shamfu ana maimaitawa, don duk abin da ya saura a ciki iska za ta sake mayar da shi baƙi bayan kwana ɗaya ko biyu. Ki tanadi ruwa da yawa kafin ki fara, kada bokiti ya ƙare a tsakiya. Ba ya aiki a kan lalle. Ki kuma lura, akwai waɗanda ake sayarwa da sunan cire rini alhali bilic ne a ciki, in kin ga hoda ce da ake haɗawa da haidirojin, ki mayar. A kan gashi mai rilaksa na fi so a yi shi a salun bayan an gwada a ƙeya, kuma ni da za ki bar shi sai bayan biki da ya fi.

Bilic ɗin kansa shi ne ya fi ɗaga baƙin rini. Ana haɗa hodar da haidirojin mai ƙarfin kashi 6, 9 ko 12 cikin ɗari, wanda a jikin kwalba ake rubuta 20, 30 da 40. Baƙi ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ruwan ƙasa, sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan goro, sannan a sake rina shi. Rilaksa ta riga ta karya wasu daga cikin igiyoyin da ke riƙe da silin gashi, bilic ya zo ya ci sauran. A shagona ba na haɗa su a kai ɗaya, ko mai kan ta yi fushi ta tafi wani wuri.

Na san wasu matan ba kwalliya kaɗai ke damunsu ba, har da hadisin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, da aka kawo shi ranar buɗe Makka kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza farin amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi bayani a kan hukuncin, kuma akwai saɓani a tsakaninsu. Wannan fagensu ne, ki tambayi malaminku, ki gaya masa ruwan ƙasa kika nufa ya zo a haka, kuma ki gaya masa abin da cirewar gaggawa take yi wa gashi da fata.

Gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata, saboda haka nan da mako 5 ko 6 furfurar za ta sake leƙowa a gindi. Ranar nan kada ki shafe kai duka, sabon tsiron kawai za ki bi da buroshi, don ɗora rini a kan rini shi ne ke mayar da bakin gashi baƙi siɗik. Ki ɗauki lamba 4 ko 5, ba 2 ko 3 ba, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki sa agogon waya, lokaci na cika ki wanke. Ki gwada ɗan kaɗan a bayan kunne awa 48 kafin nan, ko da kin saba da shi. In kuma dayis ya taɓa fito miki da ƙuraje a hannu ko ƙafa, jikinki ya riga ya ƙi PPD, kuma ba ya mantawa, sai ki koma jan lalle tsantsa, wanda zai mayar da furfurar ja-ja ya bar sauran yadda yake.

Rilaksa ta gaba ki ɗaga ta, a ƙalla mako 8 zuwa 10 daga ta ƙarshe, kuma tsakaninta da kowane rini a samu mako 2. Kitson biki kuma ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu, ta yi manya, ta bar gashin goshi kada ta kama shi, don nan ne rinin ya fi zama kuma nan ne zai fara tsinkewa.